Amanar Wakili: Me Ya Halatta a Bayar a Zaman Sulhu?

Ranar 17 ga Agusta 1982, a birnin Maputo na ƙasar Mozambik, wata malamar jami'a mai suna Ruth First ta buɗe wani ƙunshi da aka aiko mata ta gidan waya. Ƙunshin ya fashe, ta mutu nan take. Ƴan sandan asiri na gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ne suka aiko shi. Bayan shekara goma, a 1992, mijinta Joe Slovo, jigo a jam'iyyar kwaminis kuma tsohon babban hafsan reshen ANC mai ɗauke da makamai, ya ba abokan gwagwarmayarsa wata shawara da ta ɗaga hankalin da yawa daga cikinsu. Ya ce a yarda a raba mulki da wannan gwamnati na wasu ƴan shekaru, a tabbatar wa ma'aikatanta da ƴan sandanta da sojojinta cewa ba za a kore su hannu rabbana ba, a kuma buɗe ƙofar afuwa ga wanda ya fito ya faɗi abin da ya aikata.

Wasu sun ga hikima a wannan shawara, wasu sun ga cin amana. Har yau gardamar ba ta mutu ba a Afirka ta Kudu, domin a ƙarƙashinta akwai tambayar da ke tasowa duk lokacin da jam'iyya mai mulki da ƴan adawa suka zauna don sake tsarin mulkin ƙasa. Wanda ke zaune a teburin ba kansa kaɗai yake wakilta ba. A bayansa akwai waɗanda suka sha ɗauri, da waɗanda suka binne ƴaƴansu, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. To, cikin abin da aka danƙa masa, me ya halatta ya bayar don a samu zaman lafiya, me kuma ba shi da ikon taɓawa?

Ga yadda al'amarin ya gudana. A Fabrairu 1990 shugaba Frederik de Klerk ya ɗage haramcin da ke kan ANC, ya saki Nelson Mandela bayan shekara 27 a kurkuku. Ranar 20 ga Disamba 1991 ƙungiyoyi 19 suka hallara a Kempton Park, kusa da Johannesburg, a taron da aka yi wa laƙabi da CODESA. Kowane ɓangare ya zo da tsoronsa. Jam'iyyar NP mai mulki tana tsoron ranar da za a ƙirga ƙuri'u, domin ta san fararen fata tsiraru ne. Don haka ta nemi jam'iyyun da ke zaune su rubuta kundin tsarin mulki tun kafin zaɓe, ta nemi shugabanci na karɓa-karɓa tsakanin manyan jam'iyyu, da ikon hawa kujerar na-ƙi ga tsiraru. ANC kuwa tana tsoron a ba ta rawani a hana ta sanda. Ta dage cewa majalisar da jama'a suka zaɓa ce kaɗai ke da hurumin rubuta kundin.

A Mayu 1992 zaman ya cije a kan lissafi: kashi nawa na ƴan majalisa ake bukata kafin kundin ya tabbata? NP ta ce 75 cikin ɗari, ANC ta ce kashi biyu cikin uku, daga baya ta hau zuwa 70, aka tashi baram-baram. Mai kallo daga nesa zai ce wane irin mutane ne ke watsewa a kan kashi biyar alhali ƙasa na ci da wuta. Amma cikin wannan ƴar tazara ne amsar babbar tambaya take, wato ko tsiraru za su iya hana rinjaye motsi har abada. Ba a daɗe ba jini ya biyo baya. Ranar 17 ga Yuni aka kashe mutum 45 a Boipatong, ANC ta janye daga zaman. Ranar 7 ga Satumba sojojin yankin Ciskei suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Bisho, kusan mutum 30 suka mutu. Tsakanin 1990 da 1994 rikicin siyasa ya ci rayuka kimanin 14,000. Cikin wannan hali ne mutum biyu, Cyril Ramaphosa na ANC da Roelf Meyer na gwamnati, suka ci gaba da ganawa a tsakaninsu, har Mandela da De Klerk suka sa hannu a wata takardar fahimtar juna ranar 26 ga Satumba 1992. Cikin wannan hali ne kuma Slovo ya kawo shawararsa, wadda aka kira sharaɗin faɗuwar rana, saboda an yanka mata wa'adin da za ta gushe da kanta.

Idan muka dubi abin da aka ɗora a kan teburin, za mu ga ba duka ne iri ɗaya ba, kuma hukuncinsu a wajen mai tunani ba ɗaya ba ne.

Akwai abin da yake mallakar wakilin kansa da jam'iyyarsa: kujerun minista, girman kai, fushin zuciya, da ɗokin cin nasara gaba ɗaya a yau ɗin nan. Wannan yana da ikon bayarwa, kuma bayar da shi karamci ne. ANC ta yarda da gwamnatin haɗin kan ƙasa ta shekara biyar, inda duk jam'iyyar da ta samu kujera 20 a majalisa za ta shiga gwamnati, wadda ta samu 80 kuma za ta ba da mataimakin shugaban ƙasa. Haka aka yi. A zaɓen 27 ga Afrilu 1994 ANC ta samu kusan kashi 63, NP ta samu kashi 20, Inkatha ta samu kashi 10. De Klerk ya zama ɗaya daga mataimakan Mandela biyu, Mangosuthu Buthelezi na Inkatha ya zama ministan cikin gida. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wannan rangwame bai tauye kowa ba sai masu kwaɗayin muƙami, kuma ya gushe tun kafin wa'adinsa, domin NP ta fice daga gwamnatin da kanta a Yuni 1996.

Akwai kuma abin da yake na kowa da kowa, har da zuriyar da ke tafe: ikon jama'a na naɗa mai mulki da na tuɓe shi, da kotun da za ta iya ce wa shugaba a'a. Wannan ba dukiyar wakili ba ce, ajiya ce a hannunsa. A nan ANC ba ta motsa ba. Mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Babu shugabancin karɓa-karɓa. Babu kujerar na-ƙi ta dindindin. Amma ita ma ta karɓi dabaibayi. An yi dabarar hawa biyu: jam'iyyu 26 da suka koma zama a 1993 suka rubuta kundin wucin gadi mai ɗauke da ƙa'idoji 34, aka ce majalisar da za a zaɓa ita za ta rubuta kundin dindindin, da sharaɗin kada ya saɓa wa waɗannan ƙa'idoji, Kotun Tsarin Mulki kuma ita za ta tantance. Ta haka tsiraru suka samu kariya daga doka, rinjaye ya samu alƙalami.

An gwada wannan dabaibayi tun da wuri. Majalisa ta amince da kundin ranar 8 ga Mayu 1996, kotu ta duba, ta mayar da shi a watan Satumba. Cikin dalilanta har da cewa ba a ba ofishin mai kare haƙƙin jama'a da na babban mai binciken kuɗin gwamnati isasshiyar kariya daga masu mulki ba. Jam'iyyar da ta ci zaɓe da kashi 63, da Mandela a kanta, ta karɓi takardarta ta koma ta gyara. Ranar 10 ga Disamba 1996 Mandela ya sa wa kundin hannu a Sharpeville, garin da ƴan sanda suka harbe mutum 69 a 1960. Shekara ashirin bayan haka, wannan ofishi na mai kare haƙƙin jama'a ne ya zama sanadin da kotu ta yanke a 2016 cewa shugaba Jacob Zuma ya saɓa wa tsarin mulki, ta tilasta masa mayar da wani kaso na kuɗin gwamnati da aka kashe a gidansa na Nkandla. A 2024 kuma ANC ta faɗo zuwa kashi 40, ta karɓi sakamakon, ta nemi abokan haɗin gwiwa har cikin tsoffin abokan hamayyarta. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Mai rubuta tsarin mulki da hankali yana rubutawa ne yana tuna ranar da shi zai koma ɗan adawa.

Saura abu na uku, wanda shi ne mafi wuya, kuma a kansa nake ganin masu sukar Slovo suna da gaskiyar da ba a iya turewa. Shi ne abin da ba na wakili ba, ba kuma na kowa da kowa ba: haƙƙin wasu mutane sanannu, masu suna da gida. Uwar da aka kashe wa ɗa tana da haƙƙin ganin makashin a gaban alƙali. Iyalin da aka kora daga gonarsu suna da haƙƙin gonar. Slovo yana da ikon yafe nasa zafin, amma wa ya ba shi ikon yafe na maƙwabcinsa, ko ma na ƴaƴan cikinsa? Ya rasu a Janairu 1995. A shekara ta 2000 aka yi wa Craig Williamson, jami'in da ya amsa hannunsa a kisan Ruth First, afuwa, alhali ƴaƴanta mata suna adawa da hakan a fili.

Hukumar Gaskiya da Sasantawa da Desmond Tutu ya shugabanta ta saurari bayanan mutum kimanin 21,000 da aka zalunta. Mutum fiye da 7,000 suka nemi afuwa, 849 suka samu. Sharaɗin shi ne laifin ya kasance na siyasa, mai shi kuma ya faɗi gaskiya duka. A 1996 iyalan Steve Biko da wasu iyalai suka kai ƙara Kotun Tsarin Mulki, suna cewa dokar afuwa ta ƙwace musu haƙƙin neman shari'a. Kotu ba ta musa cewa an tauye su ba. Ta ce dai ba don alkawarin afuwa ba, da wataƙila ba a kai ga sabon tsarin ba sam, da kuma gaskiyar abin da ya faru ta tafi kabari tare da masu ita. Ta kori ƙarar.

Haka batun ƙasa. Dokar 1913 ta keɓe wa baƙar fata kimanin kashi 7 na ƙasar, ta 1936 ta kai shi kashi 13. Sashe na 25 na sabon kundin ya kare dukiyar da ke hannun mai ita, ya kuma ba gwamnati damar karɓar ƙasa don gyara, tare da biyan diyya ta adalci. Gwamnatin farko ta yi alkawarin sake raba kashi 30 na gonaki cikin shekara biyar. Wa'adin ya wuce ba a kai ko kusa ba. A Disamba 2021 aka yi yunƙurin gyara sashen don a fayyace karɓar ƙasa ba diyya, bai samu kashi biyu cikin uku na majalisa ba.

Me za mu ce game da wannan? Ra'ayina shi ne haƙƙin wani ba a kyauta da shi, sai dai a ranta, kuma a ranta a bisa larura. Idan gida na ci da wuta, mutum yana iya ɗaukar tulun maƙwabci ba tare da sallama ba, babu mai zarginsa. Amma in wuta ta mutu ya riƙe tulun, ya ce ai don amfanin unguwa aka ɗauka, ya zama wani abu dabam. Larurar 1993 ta gaskiya ce. Ranar 10 ga Afrilu na shekarar aka harbe Chris Hani, ɗaya daga shugabannin da matasa suka fi ƙauna, a ƙofar gidansa, ƙasa ta kai bakin yaƙin basasa. A Yuni ƴan ƙungiyar AWB ta fararen fata masu tsattsauran ra'ayi suka fasa ƙofar zauren taron da mota mai sulke. Soja da ƴan sanda suna hannun tsohuwar gwamnati, ba wanda ya ci su da yaƙi. Wanda ya ce a ranar da sai an gurfanar da kowa, to ya faɗi rayuka nawa ya shirya biya, kuma na ƴaƴan wa. Saboda haka ban ga laifin rancen ba. Laifin yana wajen biya. Waɗanda hukumar ta tabbatar an zalunta sun jira har 2003 kafin a yanke musu rand 30,000 kowanne, sau ɗaya tak, ƙasa da abin da hukumar ta ba da shawara. Waɗanda aka hana afuwa, ko suka ƙi nema, doka ta ce a gurfanar da su. Hukumar ta miƙa wa masu gabatar da ƙara ɗaruruwan batutuwa, ƙalilan ne suka kai gaban alƙali. Ƴan sandan da Biko ya mutu a hannunsu a 1977 an hana su afuwa, amma shekaru suka shuɗe ba a gurfanar da su ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Domin a ga abin da ke faruwa idan aka juya wannan tsari, aka sa kujeru a gaba, ya isa a tsallaka kogin Limpopo zuwa Zimbabuwe, inda Thabo Mbeki, wanda ya taka rawa a shawarwarin ƙasarsa, ya zama mai shiga tsakani da sunan ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, SADC. A zaɓen 29 ga Maris 2008 jam'iyyar ZANU-PF ta Robert Mugabe ta rasa rinjayenta a majalisa. An riƙe sakamakon zaɓen shugaban ƙasa har mako biyar, sannan aka ce Morgan Tsvangirai na MDC ya samu kashi 47.9, Mugabe 43.2, sai an je zagaye na biyu. Kafin ranar zagayen aka saki duka da kisa a kan magoya bayan adawa, har Tsvangirai ya janye. Ranar 15 ga Satumba 2008 aka sa hannu a yarjejeniyar raba mulki. Mugabe ya ci gaba da shugabanci da ikon soja da na jami'an asiri, Tsvangirai ya zama firaminista a Fabrairu 2009, aka yi alkawarin sabon kundin tsarin mulki.

Adalci ne a faɗi cewa Tsvangirai ma larura ce ta kai shi. Kuɗin ƙasar ya zama takarda, makarantu da asibitoci sun rufe, kwalara ta kashe mutum fiye da 4,000. Gwamnatin haɗin gwiwar ta tsayar da hauhawar farashi ta hanyar amfani da dalar Amurka, yara suka koma aji. Kundin da aka rubuta ma ba abin rainawa ba ne: ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan ƙasa, ya ƙayyade wa shugaba wa'adi biyu na shekara biyar, kuma fiye da kashi 90 na masu ƙuri'a suka amince da shi a zaɓen raba gardama na 16 ga Maris 2013. Amma a dubi abin da aka bayar kafin a samu wannan. An bayar da hukuncin da jama'a suka yanke a watan Maris. Aka koya wa duk mai mulki cewa in ya faɗi zaɓe yana iya ɗaukar sanda, daga baya a kira shi teburi a roƙe shi ya raba abin da ya riga ya rasa. Ba a taɓa soja ba, ba a kuma lissafa shekarun da Mugabe ya riga ya yi cikin sabon wa'adin ba. A Yuli 2013 aka ba shi nasara da kashi 61. Da ya bar mulki a Nuwamba 2017, soja ne ya fitar da shi. A shekarar aka gyara kundin don shugaba ya riƙa naɗa alƙalin alƙalai da kansa, a 2021 aka sake gyara shi ta hanyar da ta ƙara wa shugaba iko a kan naɗin manyan alƙalai.

Mai karatu zai iya cewa bambancin ƙasashen biyu na ƙarfi ne, babu ruwan ɗa'a a ciki. Gwamnatin De Klerk takunkumi ya gajiyar da ita, yaƙin cacar baka ya ƙare, ba ta da mafita. Mugabe kuwa yana da bindiga da maƙwabta masu jin nauyinsa. Wannan gaskiya ne, kuma zai zama zalunci a auna Tsvangirai da ma'aunin wanda ke da miliyoyin ma'aikata da za su iya tsayar da ƙasa cik da yajin aiki. Sai dai hujjar tana mayar da nauyin ne inda ya fi dacewa, wato kan mai mulki. Mun saba tambayar ɗan adawa me ya sayar, mu manta da tambayar mai mulki da wace niyya ya zauna. De Klerk ba waliyyi ba ne, kuma har ya mutu a 2021 ana tuhumarsa da abin da jami'an tsaronsa suka aikata. Duk da haka a Maris 1992 ya tambayi fararen fata ko ya ci gaba da shawarwarin, kusan kashi 69 suka ce i, ya kuma sa hannu a tsarin da ya san ƙarshensa faɗuwarsa ce. Mugabe ya zauna ne don ya sayi lokaci. Alamar da za a gane zaman gaskiya ke nan: ko akwai wani sakamako da zai raba mai mulki da kujerarsa wanda ya yarda tun farko zai karɓa. In babu, kyawun rubutun kundin ba zai hana a goge shi ba ranar da ya zama cikas.

Saboda haka idan aka ce mana shugabanni sun shiga ɗaki sun fito da yarjejeniya, ban ga amfanin tambayar ko an yi rangwame ba, domin babu sulhun da ba rangwame. Abin tambaya shi ne daga aljihun wa aka biya. In daga na masu zaman ne, a gode musu. In daga ajiyar jama'a ne, ƙuri'arsu da kotunsu, to cinikin ɓatacce ne ko da ya kawo sauƙi na ɗan lokaci. In kuma daga haƙƙin wasu bayin Allah ne da ba a gayyata ba, sai a rubuta bashin, a sa masa wa'adi, a faɗi wanda zai biya.

A Afirka ta Kudu masu bin bashin ba su daina zuwa ƙofa ba. A Janairu 2025 iyalai da waɗanda suka tsira, su 25, suka kai gwamnati ƙara saboda rashin gurfanar da waɗanda hukumar Tutu ta miƙa. A shekarar shugaban ƙasa ya kafa kwamitin bincike don gano ko an sa baki ne aka danne shari'o'in, aka kuma sake buɗe binciken mutuwar Biko bayan shekara 48. Shugaban da ya sa hannu a takardar kafa kwamitin shi ne Cyril Ramaphosa, mutumin da ya jagoranci tawagar ANC a Kempton Park lokacin da aka ci bashin.